Yaya Ake Auna Juriyar Gudun 'Yan Makaranta Ba Tare Da Na'ura Ba?

TAMBAYA: Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Daura. Lissafi nake koyarwa, amma da yake ba mu da malamin wasanni, shugaban makaranta ya ɗora mini kula da motsa jikin yara. A gasar gidaje ta bara, wani ƙaƙƙarfan yaro da kowa ya sa wa rai ya tsaya a tsakiyar gudun dogon zango yana haki, wani siriri da ba a kula da shi ba ya zo na ɗaya, wata yarinya kuma ta yanke jiki ta faɗi. Na ji an ce akwai hanyar auna ƙarfin numfashin yaro. Ana iya yin ta a makaranta irin tamu da ko wutar lantarki ba ta da ita? Wani abokin aikina kuma ya ce ɓata lokaci ne, wai yaran karkara masu noma da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa ba su buƙatar awo. Ina gaskiyar take?

Daga wani malami a ƙaramar hukumar Sandamu.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ana iya yi, kuma makaranta irin taku ce ta fi buƙata. Kayan aikin ba su wuce igiya mai tsawon mita 20, da wayar hannu, da 'yar lasifikar nan mai caji, da tokar zana layi, da littafin rubutu ba. Amma mu fara da sanin abin da za ka auna, domin a nan ne ƙaƙƙarfan yaron nan ya ruɗe ku.

Ƙarfi daban, zafin nama daban, juriya daban. Yaron da zai ciccibi buhun gero ya ɗora a amalanke, ko ya kayar da sa'ansa a kokawa, ƙarfin damtse gare shi. Wanda zai tsere wa kowa a mita 100 zafin nama gare shi. Waɗannan ayyuka ne na 'yan daƙiƙu, jiki yana yin su da guzurin da ke ajiye cikin tsoka. Da aiki ya haura minti biyu ko uku, sai tsoka ta koma dogaro galibi ga iskar oksijin da ake kawo mata. Huhu ne ke shaƙo iskar, jini ya ɗauke ta, zuciya ta harba jinin, tsoka ta karɓa ta ƙona abinci da ita. Ka tuna masu noman rani a bakin madatsar Daberam: ruwan da zai isa fangalin ƙarshe ya danganta da ƙarfin injin, da kaurin tiyo, da yawan ruwan da ke ƙasa. Zuciya ce injin, jijiyoyi ne tiyon, jini ne ruwan. Ko ɗaya daga ciki ya gaza, yaro zai tsaya yana haki komai faɗin ƙirjinsa. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Masana suna auna wannan juriya da iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a minti ɗaya, a raba da nauyin mutum, suna rubuta ta VO2 max. Wani masanin Ingila, A. V. Hill, wanda ya sami lambar Nobel ta 1922, shi ya fito da maganar a farkon shekarun 1920. Shi da abokan aikinsa sukan yi gudu ana tara iskar da suke fitarwa a cikin jaka, sai suka lura akwai matakin da ko an ƙara sauri, oksijin ɗin da jiki ke ɗauka ba ya ƙaruwa. A yau ana yin awon a ɗakin gwaji, mutum na gudu kan inji da takunkumi a fuska. Aiki ne mai tsada, mutum ɗaya ake yi wa a lokaci guda, don haka bai shafe ka ba. Abin da ya shafe ka shi ne gwaje-gwajen fili da aka ƙirƙiro domin su kimanta wannan adadi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a hannun malaman wasanni shi ne na Dokta Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, wanda ya fitar a 1968: a yi gudu na minti 12, a auna nisan da aka ci. Tunda lissafi ne fanninka, ga ƙa'idarsa: a cire 504.9 daga nisan a mita, a raba da 44.73. Wanda ya ci mita 2,400 ya sami kusan 42 ke nan. Sai dai a kan manyan sojoji aka gina ta, kuma tana buƙatar mai gudu ya san yadda zai raba ƙarfinsa. Yaro bai san wannan ba. Da an busa usur zai fizga da iyakar ƙarfinsa don ya burge abokai, kafin zagaye biyu ya koma tafiya. Ga 'yan babbar sakandare da suka saba gudu tana da amfani, musamman masu burin zuwa Difon sojoji a Zariya ko kwalejin 'yan sanda. Ga 'yan ajinka, akwai wadda ta fi ta.

Ita ce gwajin kai-komo na mita 20, wanda Farfesa Luc Léger na Jami'ar Montreal ta ƙasar Kanada ya fitar a 1982, ya sake fasalinsa domin yara a 1988. Shi ne gwajin juriya da aka fi yi wa 'yan makaranta a duniya. Ana ja layi biyu, tsakaninsu mita 20. Yara su jeru a layi ɗaya. Lasifika na fitar da ƙara lokaci-lokaci, dole yaro ya taka ɗaya layin kafin ko daidai ƙarar ta gaba, ya juyo. Ana farawa da saurin kilomita 8.5 a awa, wato kusan daƙiƙa takwas da rabi kowane tsallakawa, sassarfa ce kawai. Kowane minti ana ƙara rabin kilomita, ƙarar tana ƙara matsowa kusa da juna. Mataki na farko tsallakawa bakwai ne, na biyu takwas, haka yana hawa; wanda ya gama mataki na 6 ya tsallaka sau 51 a sauri mai kai kilomita 11 a awa, mita dubu da ɗoriya ke nan. Hikimar gwajin ita ce lasifika ce ke raba wa yaro ƙarfinsa. Ba wanda zai fizga, ba wanda za a bari a baya tun farko, mai juriya da marar juriya kafaɗa da kafaɗa suke tafiya har minti uku ko huɗu. Sautin kuwa kyauta ne. Ka neme shi a YouTube ko a manhajojin waya da sunan beep test, ka sauke a wayarka sau ɗaya, kuma ka riƙe wannan sautin kullum, domin akwai masu farawa da kilomita 8.

Yanzu ga yadda za ka shirya shi a filinku. Ka ari tef ɗin magini ka auna igiyarka mita 20 cif, ka ƙulla ƙulli a kowane ƙarshe. Kada ka auna da taku, mita ɗaya da za ka ƙara ko ka rage za ta ɓata lissafin duka. Ka zaɓi wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe. Ƙasarmu ta Daura rairayi ce, gudu a rairayi kuwa yana cin ƙarfi fiye da kima, don haka filin asambile da ƙafa ta daddaɓe ya fi gefen gona. A share tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe, domin yawancin yaran ba su da kambas, kuma gara su yi gudu ba takalmi a fili mai tsabta da su yi da silifas yana zame musu a wurin juyawa. Ka raba ajin biyu-biyu: ɗaya na gudu, ɗaya na zaune da takarda yana jan layi duk lokacin da abokinsa ya tsallaka. Kada masu gudu su wuce goma sha biyu zuwa sha biyar a lokaci guda, a bar kamar mita ɗaya tsakanin kowane biyu. Yaron da ya kasa isa layi sau ɗaya a yi masa gargaɗi. In ya kasa sau biyu a jere, gwajinsa ya ƙare, a rubuta tsallakawarsa ta ƙarshe. Kada ya zube a ƙasa nan take, ya ci gaba da takawa a hankali na minti biyu ko uku, sannan ya sha ruwa.

Ranar farko kada ka rubuta komai. Ka bari su koyi jin ƙarar da yadda ake juyawa da ƙafa ɗaya a kan layi. Bayan mako guda ka yi na gaske. Yara sukan ƙara maki a karo na biyu saboda sabo kawai, wanda ya rubuta na farko zai ɗauka juriya ce ta ƙaru.

To, an sami lamba, me take nufi? Léger ya ba da ƙa'ida: 31.025, a tara da saurin ƙarshe sau 3.238, a cire shekaru sau 3.248, a tara da sauri sau shekaru sau 0.1536. Yaro ɗan shekara 12 da ya kai mataki na 6 zai sami kusan 48. A 2016 wasu masana ƙarƙashin Jonatan Ruiz na ƙasar Sifen sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka ce namiji da ya gaza 42, ko mace da ta gaza 35, ya kamata a sa musu ido saboda lafiyar zuciya da jijiyoyi. Ga ɗan shekara 15, wannan ya yi daidai da mataki na 6 ga namiji, na 3 ga mace. Ka riƙe waɗannan biyun, sun isa.

Amma ina roƙonka kada ka riƙe su kamar makin jarrabawa. Galibin yaran da aka fitar da ma'aunin daga gare su na Turai da Amurka ne, da takalma, a daɓen zauren wasanni mai sanyi. Sannan ƙa'idar tana buƙatar shekarun yaro na gaskiya, kai kuwa ka san rajistar ajinka: ɗan shekara 12 da ɗan 16 suna benci ɗaya, wasu kuma ƙiyasi aka rubuta musu ranar shiga firamare. Ko a sa'anni, wanda muryarsa ta buɗe ya fara gemu yana da tsoka da jini fiye da wanda bai kai ba, ba don ya fi shi ƙwazo ba. Gado ma yana da nasa rabo mai girma. Saboda haka lambar da ta fi amfani a littafinka ita ce ta yaro idan aka gwama ta da tasa ta baya. Ka yi gwajin sau biyu a shekara, ka rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin gari da ko yaron ya karya kumallo. Wanda ya yi tsallakawa 45 a zangon farko ya koma 28 a zango na uku, alhali sa'anninsa suna hawa, wannan yaron akwai abin da ke cin sa. Wannan ne babban amfanin gwajin a wurinmu, ya fi zaɓen 'yan gasa nesa ba kusa ba.

Me ke iya cin sa? A ƙasarmu, abu na farko da za a zarga shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma abubuwan da ke jawo shi ba sa tsayawa a ƙofar makaranta. Zazzaɓin cizon sauro na damina da kaka yana farfasa ƙwayoyin jini. Tsargiya da yara ke kwasowa a wankan kududdufi tana zubar da shi a fitsari a hankali, har wasu suna ɗaukar ta alamar balaga. Tsutsar ciki na tsotsa. 'Yan mata da suka fara al'ada suna rasa nasu kowane wata, abinci kuma tuwo ne da miyar kuka ba nama. Jinin da ya yi ƙaranci ba ya ɗaukar oksijin da yawa, zuciya sai ta ninka bugu don ta cike gurbi, yaro ya gaji da wuri. Sau da yawa irin wannan yaron ne ake kira rago, a sa shi tsallen kwaɗo. Ka janye shi gefe, ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba, ka dubi tafin hannunsa. In sun yi fari, ka aika wa iyayensa su kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a yi masa awon jini da na fitsari. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, maganin ma haka.

Wannan ya kawo mu ga yarinyar da ta faɗi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Gwajin kai-komo yana kai yaro iyakar ƙarfinsa, don haka akwai waɗanda bai kamata su shiga ba sai likita ya amince. Na farko masu sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonsa. Mai SS kada ya yi wannan gwaji. Yana iya wasa a hankali, ya huta in ya gaji, ya yawaita shan ruwa. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana gudu kamar kowa, amma an san matsananciyar wahala cikin zafi da ƙishirwa tana iya kayar da shi, kuma yawancin yaranka ba su san rukuninsu ba. Shi ya sa dokar ruwa da inuwa ta hau kan kowa. Sai mai asma, wanda dole abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa. Sai wanda ya tashi daga zazzaɓi bai cika mako biyu ba. Sai wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, ko yake kukan ciwon ƙirji in ya yi gudu, ko wani a gidansu ya rasu farat ɗaya yana matashi ba a san dalili ba. Ka yi waɗannan tambayoyi a rubuce, yara su kai gida, ko ka karanta su a taron iyaye da malamai.

Game da faɗuwa, ka tambayi waɗanda suka gani: bayan ta tsaya ta faɗi, ko tana cikin gudu? Wanda ya gama tsere ya tsaya cak, jini yakan taru a ƙafafunsa, jiri ya ɗebe shi, musamman in da yunwa da zafi. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, yakan farfaɗo cikin 'yan mintuna. Amma suma a tsakiyar gudu, ƙafa na tafiya mutum ya zube, likitoci ba sa wasa da ita, domin tana iya zama alamar matsalar zuciya. Daga cikin abin da ke lalata zuciyar yara a ƙasashenmu har da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, wanda daga baya yake taɓa ƙofofin zuciya. Na san a makarantunmu in yarinya ta faɗi, abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta taɓa ta, a kira mai ruƙiyya. A yi mata addu'a, ba mai hanawa, amma a kai ta Daura likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta, a auna jininta. Kafin a yi haka kada ta sake shiga tsere. Yaron da zafi ya buge kuwa, jikinsa ya yi rau, maganarsa ta rikice, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a garzaya da shi asibiti ba jira.

Lokacin gwaji shi ma rabin tsaro ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Daura yakan haura digiri 40, ba a wannan gwaji a bazara da rana ta ɗaga. Ranar da hazo ya rufe gari a hunturu a ɗaga shi, ƙura na tayar da tari da asma. Ba a yi a watan azumi. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya dace da na farko, na biyu kuma bayan ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, duka da sanyin safiya kafin a fita tara. Ka sanar tun jiya cewa kowa ya sha koko da wuri kafin ya fito, a kuma ajiye jarkar ruwa a gindin bishiya.

Maganar abokin aikinka tana da ƙamshin gaskiya, kada ka watsar da ita. Wani bincike da Justin Lang da Grant Tomkinson da abokansu suka yi, wanda ya haɗa sakamakon wannan gwaji na yara fiye da miliyan ɗaya daga ƙasashe 50, ya sa yaran Tanzaniya a sahun farko, gaba da na Aisland da Estoniya da Norwe da Japan, Amurka kuwa ta zo ta 47. Yaron da ke tako kilomita huɗu daga ƙauye zuwa makaranta ya koma, ya kora awaki da yamma, yana da jarin da ɗan birni mai hawa mota ba shi da shi. Sai dai abu biyu. Na farko, aikin gona da ɗaukar jarka suna gina ƙarfi, amma ba kullum suke kai bugun zuciya inda gudu ke kai shi ba, kuma noma na damina ne. Na biyu, rayuwar na sauyawa a gaban idonmu: aiken da ake yi da ƙafa ya koma na babur, dandalin da ake langa da farin wata ya koma gidan kallon ƙwallo da latsa waya, a Daura da Mai'aduwa da Zango har cikin ƙauyukan Baure. Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali sun ga sakamakonsa. A 2013 Tomkinson ya gabatar da nazarin yara miliyan 25 daga ƙasashe 28, ya nuna yaran wannan zamani suna ɗaukar kusan minti ɗaya da rabi fiye da iyayensu kafin su gama gudun mil ɗaya a shekaru iri ɗaya. A Suwidin an bi samari fiye da 700,000 da aka auna lokacin ɗaukar soja suna shekara 18, aka ga masu juriya sun fi tsira daga bugun zuciya bayan shekaru da dama. A nan gida ma, Farfesa Danladi Musa ya yi amfani da irin wannan gwaji a kan yara fiye da 3,000 a Jihar Binuwai domin duba dangantakar juriya da ƙiba da hawan jini, aka buga aikin a 2012. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. To, a gasarku ta bara ido ya zaɓi wanda ya tsaya a hanya.

'Yan mata su ne abin ya fi shafa, kuma su aka fi mantawa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kowace rana. Binciken da masananta suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun haka, kuma a cikin mata adadin ya kai kashi 85. A wurinmu yarinya tana gaɗa da tsalle-tsalle har ta kai aji shida, da ta fara girma sai a ce ta natsu, motsinta ya koma daka da wanke-wanke. Ita ce kuwa nan da 'yan shekaru za ta ɗauki ciki, zuciyarta ta yi aikin mutum biyu. Ka nemi malama ta jagoranci nasu gwajin, a rana daban, a cikin katangar makaranta ba idon maza, da dogon wando da ƙaramin hijabi da ba zai harɗe ƙafa ba. Wadda ta ce yau ba za ta iya ba, a ɗaga mata ba tare da tambaya a gaban jama'a ba. In ka fara da yi wa iyaye da mai unguwa da liman bayani cewa duba lafiya ne, da wuya ka sami mai ƙi.

Ga ƙananan 'yan firamare, ko yaron da bai kamata a kai shi iyaka ba, akwai hanya mai sauƙi. A sami dakali ko benci mai ƙwari, tsayin santimita 30, yaro ya riƙa hawa da sauka sau 24 a minti har minti uku, ya zauna, a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na minti ɗaya. Mai juriya bugunsa kan sauka da sauri. Ka koya musu ƙirgawa da kansu, yatsa biyu a kan jijiya na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Darasin lissafi ne da na kimiyya a lokaci guda, kuma yara suna son sa.

Awo kaɗai ba ya ƙara wa kowa numfashi. Bayan gwajin farko, ka ware minti 20 zuwa 30 sau uku a mako na wasan da ke sa haki: langa, ƙwallo ta mutum biyar-biyar a ƙaramin fili yadda ba mai tsayawa kallo, tsallen igiya, tseren miƙa sanda. Cikin wata biyu zuwa uku juriyar yara takan ƙaru da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a littafinka kuma za ka gan ta a yawan tsallakawa. Kada ka karanta sakamako a asambile daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ka yaba wa wanda ya fi ƙara wa kansa, ko da daga 15 ya koma 22. Kuma ka roƙi abokan aikinka su daina horon yara da zagaya fili, domin yaron da aka saba hora shi da gudu, ranar da ya bar makaranta ya bar gudu ke nan.

Kira na ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu shi ne su tara malaman da aka ɗora wa wasanni, su yi musu bitar yini ɗaya kan wannan gwaji da taimakon gaggawa, a haɗa su da ma'aikatan lafiya na unguwanninsu. In makarantu ashirin suka riƙe littafi iri ɗaya na shekara uku, masarautar za ta sami ma'aunin 'ya'yanta da aka ɗauka a kan ƙasarta da zafinta. Kai kuma, Malam, kada ka jira su. Ka fara da aji ɗaya a wannan zango, ka rubuto mana abin da ka gani. Allah ya raya mana yaran, ya ba su lafiya mai amfani.